Yadda Ake Gano Dalilin Kukan Fambel a Mota da Yadda Ake Gyara Shi

Kukan fambel yana cikin ƙararrakin da mai mota ke saurin sabawa da su. Ranar da ya fara jin sa hankalinsa yakan tashi, amma da zarar an yi mako guda motar tana kai shi inda zai je tana dawo da shi, sai ya ɗauki kukan tamkar wani hali ne nata da za a zauna da shi. Wannan sabon shi ne abin tsoro, domin bel ɗin da ke kuka shi ne ke juya altanetar da ke cajin batir, shi ne ke juya famfon fawa sitiyari a motocin da ke amfani da mai wajen sassauta sitiyari, shi ne ke juya kwamfiresar na'urar sanyaya ɗaki, kuma a injuna da yawa shi ne ke juya famfon ruwan da ke hana inji ɗaukar zafi. Ranar da ya tsinke, a motar da bel guda ke juya su duka, dukkan waɗannan za su tsaya a lokaci guda: fitilar batir za ta kama, sitiyari zai yi nauyi a hannu, kuma cikin 'yan mintuna zafin inji zai iya haurawa har ya ƙona gasket.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, sau da yawa ba bel ɗin ne mai laifi ba, shi dai ne mai kai ƙara. Wani abu ne a cikin jerin fulolin da yake zagayawa, wato faya-fayen da bel ke hawa yana juya su, ya lalace, ko ya karkace, ko ya yi sako-sako, shi kuma bel ɗin yake sanar da kai. Shi ya sa ake ganin mutum ya sayi sabon bel, kukan ya lafa na kwana goma, sannan ya dawo kamar ba a taɓa komai ba. Aikin gaskiya yana cikin binciken, canza bel ɗin kuwa shi ne mafi sauƙi a cikin duka.

Ka fara da sanin irin bel ɗin da ke motarka

Tsofaffin motoci suna amfani da siririn bel mai gefe biyu a karkace, wanda yake nutsewa cikin kwari guda na fuli, kuma da gefunansa yake kamawa ba da ƙasansa ba. Irin waɗannan motoci sukan ɗauki bel biyu ko uku, kowanne da aikinsa, kuma da hannu ake ɗame su ta hanyar matsar da altaneta ko famfo. Motocin zamani kuwa yawancinsu bel guda ne mai faɗi yake zagaye komai, cikinsa yana da layuka masu tudu da suka bi tsawonsa, bayansa kuma sumul yake. Wannan yakan zo da tenshina, wato wani hannu mai sifirin a ciki da fuli a bakinsa, wanda yake danna bel ɗin kullum domin kada ya saki. Akwai kuma nau'i na uku da ba shi da tenshina kuma ba shi da wurin ɗamewa, wanda ake miƙa shi a ɗora da wani ƙarfe na musamman, ƙarfin robarsa ne kawai ke riƙe shi.

Kada a haɗa waɗannan da bel ɗin tayimin. Shi wannan yana da haƙora a gicciye, yana ɓoye a bayan murfi, aikinsa kuma daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. Wanda muke magana a kansa a fili yake, kana ɗaga bonet za ka gan shi ko dai a gaban inji ko a gefensa.

Kiyaye kai kafin a taɓa komai

Wani ɓangare na binciken nan dole ne a yi shi inji yana aiki, saboda haka maganar kiyayewa ba ta cika baki ba ce. Bel da ke gudu ba ya bambanta yatsa da tsumma. A ajiye motar a wuri mai daidaito, a ja birkin hannu, a sa giya a furi ko a fakin, a naɗe hannun riga, a cire agogo da zobe, a kuma kawar da duk wani abu mai lilo daga wuya ko jiki. Fankar lagireto mai aiki da lantarki tana iya tashi da kanta ko da an kashe inji, muddin akwai sauran zafi. Duk lokacin da hannu zai kusanci bel, a kashe motar, a zare makulli a sa a aljihu, idan kuma za a kwance wani abu kusa da altaneta, a cire wayar batir ta nagatif tukuna.

Mataki na farko: saurare

Kafin a ɗauki sifana, kunne ne ke fara aiki, kuma wanda ya saurara da kyau ya riga ya yi rabin binciken. Abu biyu ake nema: irin ƙarar, da kuma lokacin da take zuwa.

Akwai doguwar ƙara mai tsini wadda take ɗaukar daƙiƙa biyu zuwa goma ko fiye ba tare da yankewa ba. Wannan kusan kullum alamar zamewa ce: fulin inji yana juyawa, amma bel ɗin ba ya kama shi yadda ya kamata, sai robar ta riƙa gogar ƙarfe. Irin wannan kukan yakan zo ne a lokacin da aka ɗora wa bel nauyi. Idan da safe ne, da zarar an tayar da mota, dalilin shi ne altaneta tana ƙoƙarin mayar wa batir cajin da aka ci wajen tayarwa, ga kuma roba ta yi tauri saboda sanyi. Idan lokacin da aka murɗa sitiyari har ƙarshe ne, famfon fawa sitiyari ne ya yi nauyi. Idan lokacin da aka kunna na'urar sanyaya ɗaki ne, kwamfiresa ce ta kama. Idan kuma sai an ratsa ruwa ko ana ruwan sama yake tashi, to bel ɗin ya riga ya kai gaɓar zamewa, danshi kaɗan ne ya ƙarasa shi.

Akwai kuma gajeriyar tsuwa mai maimaituwa, kamar ta 'yan tsaki, wadda take bin bugun inji: idan inji ya yi sauri ta yi sauri, wani lokaci ma ta ɓace idan an taka totur. Wannan ta fi nuna cewa wani fuli ya kauce daga layin 'yan'uwansa, har tudun bel ɗin suna gogar gefen kwarin fuli a duk lokacin da za su shiga. Mutane da yawa sukan yi kuskure a nan, su ƙara ɗame bel ɗin, alhali matsalar ba ta ɗauri ba ce, ƙarin ɗaurin ma boris ɗin da fuloli ke juyawa a kai zai kashe.

Ƙara ta uku ita ce gurnani ko gurza, ko wani irin shuu mai kama da na ƙarfe a kan ƙarfe, wanda ba ya yankewa. Wannan ba muryar roba ba ce, muryar boris ce da giris ɗinsa ya ƙare. Idan kuma kwaramniya ake ji, musamman lokacin da inji ke silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, hankali ya koma kan tenshina ko fulin altaneta.

Mataki na biyu: dubawa inji yana kashe

Bayan inji ya huce, a ɗauki tocila a bi bel ɗin daga farko har ƙarshe, ciki da baya. Wurin da ya fi nuna gaskiya shi ne inda bel ɗin ya lanƙwasa ta baya a kan fuli mai sumul, domin a nan ne tudun suke buɗewa a ga abin da ke tsakaninsu. Ana neman tsagewa a gicciye, da wuraren da roba ta ɓalle, da gefen da zare ya fito, da ƙyalli irin na abin da aka goge. Ƙyalli shaida ce ta cewa bel ɗin ya daɗe yana zamewa har zafi ya gasa fuskarsa ta yi tauri, kuma bel ɗin da ya kai haka ba ya komawa daidai ko da an ɗame shi. Idan gefe ɗaya kaɗai ya cinye, ɗayan yana nan lafiya, wannan ya ƙara ƙarfafa zargin karkacewar fuli. A bel mai layuka na tsohuwar roba, ƙa'idar da aka saba bi ita ce, idan aka ƙirga tsaga uku ko fiye a kan tudu guda cikin tsawon da bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba, lokacin canji ya yi.

A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kai, domin yana yaudarar har waɗanda suka daɗe a sana'ar. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 masu ƙera bel suka koma amfani da wata roba da ake kira EPDM, wadda ta fi tsohuwar jure zafi kuma ba ta cika tsagewa ba. Irin wannan bel zai iya yin kilomita 150,000 a duba shi a ga kamar sabo, alhali ya ƙare. Shi ba tsagewa yake yi ba, cinyewa yake yi sannu a hankali kamar yadda taya ke cinyewa. Tudunsa sukan sirance, kwarin da ke tsakaninsu ya faɗaɗa ya zurfafa, har ƙarfen fuli ya riƙa taɓa ƙasan kwarin maimakon gefunan tudu su kama. Daga nan riƙo ya tafi. Akwai ɗan ma'aunin roba da ake sakawa cikin kwarin: idan ya nutse har ya daidaita da saman tudu ko ya wuce, bel ɗin ya ƙare. Wanda ba shi da ma'aunin zai iya ɗora sabon bel kusa da tsohon ya kwatanta siffar tudun, zai ga na sabon suna da kauri da faɗin kai, na tsohon kuwa sun yi tsini.

Sai a duba ko wani ruwa yana taɓa bel ɗin. Baƙin mai da ke yoyo daga sil ɗin gaban inji ko daga murfin sama, da man fawa sitiyari, da ruwan lagireto da ke ɗiga daga famfon ruwa ko daga tiyo, kowannensu yana sa bel santsi, mai kuma yana kumbura roba ya lalata ta. A shafa yatsa a cikin bel ɗin a duba, a kuma leƙa ƙarƙashin famfon ruwa, inda akwai wani ɗan rami da ruwa ke fitowa idan sil ɗin ciki ya mutu, wanda yakan bar busasshen tabo mai fari ko mai launi. Muddin akwai yoyo, to shi ne farkon abin gyarawa, domin sabon bel ɗin da aka ɗora a ƙarƙashin yoyo kwanansa ƙidayayyu ne.

Mataki na uku: gwajin ruwa

Wannan gwaji ba ya bukatar komai sai kwalbar fesa ruwa mai tsabta, amma yana raba gardama fiye da yawancin kayan aiki. A tayar da inji a bar shi a silo har kukan ya bayyana, sannan daga nesa, ba tare da hannu ya kusanci bel ba, a fesa ruwa kaɗan a gefen da ke da layuka, daidai inda yake shirin shiga wani fuli.

Idan ƙarar ta ƙaru nan take, matsalar ta ɗauri ce ko ta cinyewa, domin ruwan ya ƙara wa bel mai zamewa santsi. Idan ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci sannan ta dawo bayan ruwan ya bushe, matsalar ta karkacewar fuli ce, domin ruwan ya sassauta gogayyar da ke tsakanin gefen tudu da gefen kwari. Idan kuwa babu abin da ya sauya ko kaɗan, to ƙarar ba daga roba take fitowa ba, sai a nemi boris. Ruwa zalla ake amfani da shi, ba mai ba, ba man birki ba, ba kuma ruwan sabulu ba.

Tun da inji yana aiki, a yi amfani da damar a tsaya a gefe a kalli yadda komai ke gudu. Hannun tenshina mai lafiya motsi kaɗan yake yi, a natse. Wanda ke tsalle yana karkarwa ya rasa abin da ke danne shi a ciki, ko kuma wani abu ne ke fizgar bel ɗin. A kalli fuskar kowane fuli a ga ko yana layi, musamman babban fulin kiranshaf da ke can ƙasa, wanda inji ke juyawa kai tsaye shi kuma ya ja bel. A kuma lura ko bel ɗin yana tafiya a tsakiyar fulolin masu sumul, ko ya zame zuwa baki ɗaya.

Mataki na huɗu: cire bel a gwada fuloli ɗaya bayan ɗaya

Kafin a cire, a ɗauki hoton yadda bel ɗin ya zagaya, ko a zana shi a takarda, ko da kuwa akwai zanen a manne a ƙarƙashin bonet. Mutum yakan ɗauka zai tuna, amma bel mai zagaya fuli shida ko bakwai yana da hanyoyi da dama da zai iya bi ya yi kama da daidai. Idan akwai niyyar mayar da tsohon, a sa masa alamar kibiya da alli domin a san inda yake fuskanta.

A motar da ke da tenshina, za a ga ko dai kan noti a tsakiyar fulinsa ko rami mai kusurwa huɗu a jikin hannunsa. A sa doguwar sifana ko hannun soket, a tura shi a hankali zuwa ɓangaren da zai saki bel, a zame bel ɗin daga fulin da ya fi sauƙin kaiwa, sannan a saki hannun sannu a hankali. Sifirin ɗin ciki yana da ƙarfi sosai, kuma idan sifana ta kuɓuce tana iya fasa yatsa ko ta karya wani abu. Yayin turawar ma a lura da abin da hannu ke ji: tenshina mai lafiya yana tafiya sumul da nauyi iri ɗaya, wanda ya mutu kuwa yakan cije a wani wuri, ko ya yi gurza, ko a ji shi ba ƙarfi. Da yawa daga cikinsu suna da 'yan alamu a jiki da ke nuna iyakar tafiyar hannun, kuma idan alamar ta fita daga tsakanin iyakokin lokacin da bel ke kai, to ko bel ɗin ya miƙe ko ba girmansa ba ne. A motar da ake ɗamewa da hannu kuwa, a sassauta notin da altaneta ke juyawa a kai, da na maƙalewa, sannan a kwance na daidaitawa har bel ya saki.

Da bel ya fita, a juya kowane fuli da hannu. Fulin tenshina da fulolin da ba sa juya komai sai dai jagorantar bel, ya kamata su juya shiru da ɗan nauyin giris, su tsaya bayan zagaye ɗaya ko biyu. Wanda ya yi ta gudu shi kaɗai yana shuu kamar ba abin da ke riƙe shi, giris ɗinsa ya bushe, ko da yake mutane sukan ɗauka wannan alamar lafiya ce. Wanda ake jin yashi-yashi a cikinsa ya riga ya mutu. Sai a kama kowanne a girgiza shi gaba da baya da kuma gefe da gefe. Fulin famfon ruwa bai kamata ya girgiɗa ko kaɗan ba. Na altaneta ya juya sumul ba tare da ƙara ba. Na kwamfiresa, idan mai kulochi ne, ya juya a sake lokacin da na'urar ke kashe.

Fulin altaneta a motoci da yawa na zamani, musamman masu injin dizal, yana da wata dabara a ciki wadda ke ba shi damar kamawa ta ɓangare ɗaya ya saki ta ɗayan, domin ya shanye fizgar da inji ke yi. Ana gane shi da murfin roba a fuskarsa. Idan ya cije ta ɓangarorin biyu, bel zai riƙa kaɗawa, tenshina ya riƙa tsalle, a kuma ji tsuwa lokacin kashe inji ko canza giya. Idan ya saki ta ɓangarorin biyu, altaneta ba za ta yi caji ba. Wannan fuli ya sa an canza tenshina masu lafiya ba adadi, don haka a gwada shi kafin a yanke hukunci.

Babban fulin kiranshaf shi ma a mafi yawan injuna gida biyu ne da roba a tsakaninsu. Idan robar ta tsufa, zoben waje yakan zame ko ya karkace. A ja layi da alli daga tsakiyarsa zuwa bakinsa, bayan an mayar da bel an yi 'yar tafiya a sake dubawa: idan layin ya rabu biyu, fulin ya mutu, kuma ba ya gyaruwa sai canji.

Idan har yanzu akwai shakka, ana iya tayar da inji babu bel na ɗan lokacin da bai kai minti ɗaya ba, inji yana da sanyi. Idan ƙarar ta ɓace, tana cikin abubuwan da bel ke juyawa. Idan tana nan, to daga wani wuri take, wataƙila daga bayan murfin tayimin, kuma wannan ba abin jinkiri ba ne, a kai wa makaniki. Kada a wuce wannan ɗan lokaci, tunda babu caji kuma mai yiwuwa ruwa ba ya zagayawa.

Mataki na biyar: daidaiton layi da tsabtar fuloli

A ɗauki miƙaƙƙen ƙarfe ko doguwar rula a ɗora a fuskar fuloli biyu masu maƙwabtaka. Abin da ake so a tabbatar shi ne kwarin wannan yana fuskantar kwarin wancan, don haka a yi la'akari da cewa kaurin bakin fuloli yakan bambanta. Karkacewar da ido ba zai kama ba ta isa ta haifar da tsuwa, musamman inda tazarar da ke tsakanin fuloli biyu gajeriya ce. Dalilan da aka fi samu su ne notin burakit da ya kwance, ko burakit da ya lanƙwashe, ko washar noti da aka manta ba a mayar ba bayan wani gyara, ko fulin fawa sitiyari da ba a tura shi ya kai mazauninsa ba, ko hannun tenshina da bushin ɗinsa ya cinye har ya kwanta gefe. Yana da kyau mutum ya tambayi kansa wane aiki aka yi wa motar kafin kukan ya fara, domin sau da yawa amsar tana nan.

Sannan a wanke kwarin fulolin da buroshi mai tauri da abin wanke birki ko ruwan sabulu, a cire dasƙararriyar roba da ƙasa da ƙananan duwatsu, a bari su bushe sarai. Fulin roba da kwarinsa ya cinye ko bakinsa ya ɓalle, a canza shi.

A nan ne zan yi magana a kan sabulu, da kyandir, da giris, da man fesawa da ake sayarwa da sunan maganin kukan bel. Duk suna iya sa shiru na awa ɗaya ko na kwana ɗaya, kuma wannan shirun ne ke sa a yarda da su. Amma babu ɗayansu da ke ƙara ɗauri, ko ya miƙe fulin da ya karkace, ko ya mayar wa boris giris. Abin da suke yi shi ne su tara ƙura a cikin kwari, su lalata robar zamani, su kuma rufe bakin abin da ke gargaɗinka. Bel ɗin da aka shafa wa irin waɗannan, a ganina, ya zama na canji.

Mataki na shida: sayen bel da ɗora shi

Lambar da ke bayan bel mai layuka tana faɗin girmansa. Idan an rubuta 6PK1750, ma'anarta tudu 6 ne, tsawonsa kuma milimita 1750. A sayi mai lamba iri ɗaya, ko wanda littafin motar ya ambata, a kuma tuna cewa mota iri ɗaya tana iya ɗaukar bel daban-daban gwargwadon injinta da kuma ko tana da na'urar sanyaya ɗaki. Bel ɗin da ya fi tsawo da santimita biyu kacal zai iya fitar da tenshina daga iyakarsa. Idan motar ta yi tafiya mai yawa kuma tenshinanta na asali ne, hikima ita ce a canza shi tare da bel da fulolin jagora a lokaci guda, tunda tare suka tsufa kuma wahalar kwancewar ɗaya ce. Wajen kwance fulin tenshina a kula, domin a wasu injuna notinsa ta hagu yake ɗaurewa.

A bi hoton da aka ɗauka, a fara daga fulin kiranshaf da sauran na ƙasa masu wuyar kaiwa. Ƙa'idar ba ta canzawa: gefen layuka yana hawa fuli mai kwari, bayan bel yana hawa fuli mai sumul. A bar fuli mai sumul da ke sama ya zama na ƙarshe, tunda ba shi da baki mai tudu da za a tsallake, a tura tenshina, a zura bel ɗin, a saki a hankali. Kada a taɓa ɓanɓara bel da sukundireba domin a tilasta shi ya hau, saboda zaren da ke cikinsa yakan tsinke ba tare da an gani ba. Kafin a tayar da inji, a bi kowane fuli da tocila da yatsa a tabbatar dukkan tudun sun zauna cikin kwarinsu, domin kaucewar tudu ɗaya ta isa ta yaga sabon bel cikin mintuna. Nau'in da ake miƙawa kuwa sai da ƙarfensa na musamman ake ɗora shi, kuma galibi ba a mayar da wanda aka cire.

Ga motar da ake ɗamewa da hannu, a ja altaneta da notin daidaitawa har bel ya ɗame, sannan a danna tsakiyar mafi tsawon tazara da babban yatsa da ƙarfin da ya kai kamar kilo 10. A yawancin motoci ana so ya lotsa kimanin santimita 1, amma adadin da littafin motar ya bayar shi ne abin bi. Ɗaurin da ya wuce kima ya fi sako-sako ɓarna, domin shi ba ya kuka, a shiru yake cinye boris ɗin altaneta da na famfon ruwa. Bayan an samu daidai, a ɗaure notin maƙalewa da na juyawa, a sake gwada lotsawar, saboda takan sauya yayin ɗaurewa.

Mataki na bakwai: gwaji bayan gyara

A mayar da wayar batir, a kwashe duk kayan aiki daga cikin bonet, a tayar da inji a bar shi a silo na minti biyu ana kallon yadda bel ke tafiya. Daga nan a ɗora masa nauyi da gangan: a kunna manyan fitilu, da fankar ciki, da na'urar sanyaya ɗaki, a murɗa sitiyari dama da hagu har kusa da ƙarshe ba tare da an riƙe shi a can ba. Wanda ke da mitar auna lantarki ya auna batir inji yana aiki, inda a yawancin motoci ake sa ran ganin abin da ke tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Batir da ya raunana yakan sa altaneta ta yi ta aiki da cikakken ƙarfi, wannan kuma yana iya dawo da kukan safiya ko da bel sabo ne, don haka idan kukan ya tsaya ga lokacin tayarwa kaɗai, a gwada batir ɗin.

A kashe inji a sake duba zaman bel a kan kowane fuli. Sabon bel yakan ɗan saki bayan ya zauna, saboda haka a motar da ake ɗamewa da hannu a sake auna lotsawarsa bayan inji ya yi aiki na kamar minti goma sha biyar, sannan a sake aunawa bayan tafiyar 'yan kwanaki. Gwaji na ƙarshe shi ne na washegari da safe, inji ya kwana ya yi sanyi: a buɗe bonet kafin a tayar, a sa wani ya murɗa makulli, a tsaya a gefe a saurari daƙiƙu goman farko. Idan tsuwa ta dawo a kan sabon bel cikin 'yan kwanaki, a koma kan rula da fuloli, a fara da wanda aka taɓa kwancewa a gyaran baya.